Fotal ɗaya aka ce mana, ga mu da makulli biyar

Jama'a ku yi haƙuri, yau rubutun zai yi tsawo, don abin ya kai ni maƙura.

Farkon zangon nan makarantarmu ta fitar da sanarwa wai an haɗe duk shafukan ɗalibai wuri ɗaya, an samu sabon fotal. Ni da nake aji uku a kimiyyar kwamfuta har murna na yi. Da na buɗe, sai ga shafi mai kyau da hoton get ɗin makaranta da maɓallai biyar: kuɗin makaranta, rajistar kwasa-kwasai, hostel, sakamako, laburare. Duk wanda ka danna sai ya wurga ka tsohon shafin nan da ka sani, ya sake tambayar ka fasuwod. Na kuɗi da imel ake shiga, na rajista da lambar matirik, na hostel kuwa har yau lambar JAMB yake nema. An dai yi kitso da ƙwarƙwata.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ka shiga sau biyar mana. Bari in ba ku labari. Wata ƙanwarmu 'yar aji ɗaya, daga Zamfara take, sai ta kwana a mota kafin ta iso nan kudu. Ta ciro RRR, ta biya, ga rasit a hannu, amma shafin rajista ya ce ba ta biya ba. Ta tare ni a ƙofar masallaci ta ce, "Yaya don Allah duba min, ko ni ce ban iya ba?" Ba laifinta ba ne. Mun je ofishin basa, suka ce kuɗi sun shigo. Mun je ICT, suka ce sai basa ya aiko da jerin waɗanda suka biya. Jerin nan ranar Juma'a ake aikowa a Excel, wani ya loda da hannu, rajista kuwa Laraba aka rufe. Sai da ta biya tarar makara. Kafin nan gadajen hostel sun ƙare, yanzu raɓe take a ɗakin wata. Mahaifinta hatsi ya sayar ya haɗa kuɗin nan.

Haɗe shafuka ba jera su ba ne. Abu uku ake nufi.

Na ɗaya, shiga ɗaya. Kamar yadda in ka shiga Gmail, YouTube ba ya sake tambayar ka ko kai wane ne. Wuri ɗaya ne yake tantance ka, sauran shafukan su karɓi shaidarsa. Wannan ba sabon ilimi ba ne. A jami'ar Yale ta Amurka aka ƙirƙiro tsarin CAS don wannan aikin, haka uPortal jami'o'i ne suka haɗu suka gina shi, dukansu sun haura shekara 20, kuma kyauta ne. Moodle da Koha da makarantu da yawa suke amfani da su duk ana iya ɗaura su a kan ƙofar shiga ɗaya.

Na biyu, bayanin ɗalibi ya zauna a rumbu ɗaya. Mu 'yan arewa mun fi kowa shan wuyar wannan. A shafin kuɗi ni Muhammad ne, a na rajista Mohammed, a na hostel an mayar da sunan mahaifina ya zama nawa. Yanzu abin dariya ne, amma ku tambayi waɗanda suka gama, ranar da za a tura sunaye NYSC a tarar bai dace da na JAMB ba, sannan za ka san ba wasa ba ne.

Na uku, shafukan su riƙa magana da juna, abin da muke kira API. Tun 2015 da aka tilasta TSA, makarantun tarayya ta Remita suke karɓar kuɗi, kuma Remita yana da hanyar da manhaja za ta tambaya ko an biya RRR kaza, ta samu amsa nan take. Da shafin rajista yana yin wannan tambayar da kansa, da yarinyar nan ba ta jira Juma'a ba.

Na ji masu cewa a rushe komai a gina sabo. Ban yarda ba. Shafin sakamako yana aiki, malamai sun saba da shi, akwai makin shekara da shekaru a ciki. Wajen kwashe irin wannan ne maki yake ɓata, mutum ya wayi gari da kariyoba a kwas ɗin da ya ci. Kuma sabuwar kwangila ce kawai, bayan shekara biyu mu samu shafi na shida. A bar tsofaffin a inda suke, a haɗa su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai masu cewa in ƙofa ɗaya ce, ranar da ta lalace kowa yana waje, in aka sace fasuwod ɗinka kuma an sace komai. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ake ajiye saba ta biyu, ake kuma turo lambar tabbatarwa a waya. Amma yanzu fa? Rabin 'yan aji ɗaya a takarda suke rubuta fasuwod biyar su miƙa wa mai kafe, shi yake riƙe musu. Ga NIN, ga lambar waya, ga adireshin gida a warwatse a rumbu biyar, alhali akwai dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Wannan ne tsaron?

Maganar babu kuɗi kuwa kada ma a fara ta. Duk shekara akwai kuɗin ICT a cikin abin da muke biya. A ganina matsalar ba ta kwamfuta ba ce. Kowane ofishi ya ɗauki bayanan da ke hannunsa kamar gonar gado, ba mai son ya buɗe wa wani, ɗalibi ne ya zama masinja tsakaninsu da fotokwafi a hannu.

Abin da nake nema bai da yawa. A fara haɗa shafin kuɗi da na rajista kafin zango mai zuwa. A mayar da tarar duk wanda rasit ɗinsa ya nuna ya biya a kan lokaci. A gwada tsarin da ɗalibai, a kan ƙaramar waya da netwok ɗin hostel, kafin a buga sanarwa.

Shugabannin ƙungiyar ɗalibai, da ku nake. Ba walimar sababbin ɗalibai kawai aka zaɓe ku ku shirya ba. Duk wanda aka ci tararsa alhali ya biya, ya adana rasit ɗinsa, Asabar bayan la'asar mu haɗu a harabar masallaci mu rubuta takarda ɗaya mu sa hannu. Ni zan kawo firinta.

Allah Ya ba mu sa'a.