Gidauniyar Majami'ar Yahudawa: Me Ke Sa Suna Bayarwa?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe littafin ƙungiya, ko a Ɗan Isa ne ko Birnin Ƙonni ko Jibiya, ya san wahalar tara kuɗin jama'a. Ranar taro kowa zai ɗaga hannu ya yi alkawari, ranar karɓa kuwa sai ma'aji ya bi rumfa rumfa kamar mai bara. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu leƙa yadda Yahudawan Amurka ke ɗaukar nauyin majami'unsu. Ba zancen siyasa na kawo ba, zancen riƙon jama'a ne.

Na san wani zai ce ai masu kuɗi ne. Wannan magana ce ta zaman shayi. A cikinsu akwai attajiri, akwai malamin makaranta, akwai tsohuwar da ke jiran fansho. Abin da ke sa gidauniyarsu ta cika, a ganina, tsari ne da tarbiyya.

Da farko dai, ba su da wanda za su jira. Tsarin mulkin Amurka bai yarda gwamnati ta ɗauki nauyin addini ba, don haka albashin malaminsu da ake kira Rabbi, da kuɗin wuta, da gyaran rufi, da makarantar yara, duk daga aljihun membobi suke fitowa. Tun bayan harin da aka kai wa wata majami'a a birnin Pittsburgh a watan Oktoban 2018, inda aka kashe mutum 11, kuɗin masu gadi ma ya ƙaru a kansu. Ga shi kuma addininsu ya hana taɓa kuɗi ranar Asabar, wato ranar babbar ibadarsu, saboda haka ba a zagayawa da faranti. Galibi kowane gida yana biyan kuɗin shekara, sannan a buɗe gidauniya don cike giɓi.

Majami'u da yawa suna yin wannan kira ne a daren Yom Kippur, ranar azuminsu da neman gafara, wadda ke faɗowa a Satumba ko Oktoba, lokacin da ɗaki ke cika maƙil. Da yake rubutu ma haramun ne a ranar, sai a raba kati mai ɗauke da adadi iri-iri, mutum ya lanƙwasa gefen da ya zaɓa, bayan biki ya biya. Babu mai shela da sunan wanda ya ba da kaɗan. Alkawari kaya ne, kuma a nan an ɗauke shi cikin sutura.

Na biyu, suna kallon bayarwa a matsayin haƙƙi. Kalmarsu ita ce tsedaka, ƴar'uwar kalmarmu ta sadaka, kuma tushenta a Ibrananci adalci ne. A Attaura an ɗora wa kowane baligi rabin shekel don hidimar wurin ibada, mai kuɗi ba ya ƙarawa, talaka ba ya ragewa. Darasin shi ne gidan na kowa ne. Yaro kuma yana tashi yana ganin ɗan akwatin sadaka a gida, ana jefa masa tsaba kafin shigar Asabar. Wanda ya saba tun yana ƙarami ba ya jin nauyi in ya girma.

Na uku, mutum yana bayarwa ne inda ya ga ranarsa. Wasu addu'o'insu, har da ta mamaci, ba sa yiwuwa sai an cika mutum 10. Wanda jama'a suka cika masa ɗaki ranar da ya rasa mahaifinsa, suka kawo abinci kwana 7 na zaman makoki, ba sai an roƙe shi ba. Da yawa suna bayarwa da sunan iyayensu da suka rasu, wasu kuma sukan ba da dala 18 ko 36 ko 180, domin a lissafin haruffansu 18 ita ce kalmar rai.

Abin da ya fi shafar mu ƴan kasuwa shi ne wannan. Babban malaminsu Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya kasa sadaka mataki 8. Mafi girma a wurinsa shi ne ka ba mutum rance, ko ka haɗa jari da shi, ko ka samo masa aiki har ya tsaya da ƙafarsa. A New York akwai ƙungiyarsu ta ba da rance ba ruwa da aka kafa tun 1892, kuma har yau tana aiki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ban ce ba su da matsala ba. Iyalai matasa suna kukan kuɗin shekara ya yi tsada, wasu sun daina zama membobi, abin da ya sa wasu majami'u suka koma tsarin kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa. Akwai kuma ƙorafin cewa mai ba da babban kaso muryarsa ta fi ƙarfi a kwamiti. Wannan ciwo mu ma mun san shi. Sai dai a majami'u da yawa membobi ne ke zaɓen kwamiti, kuma a taron shekara ana baje musu lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita.

To, mu dawo gida. Lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2019, da kuma bayan juyin mulkin 2023, mun ga waɗanda jarinsu ya narke cikin ƴan watanni. Ƙungiyoyi nawa ne ke da asusun tayar da wanda ya faɗi? Muna da zakka, muna da adashi, muna da zumunci. Abin da ya rage mana shi ne ƙayyadadden lokacin karɓa, da littafi a buɗe, da rufin asirin mai ƙaramin ƙarfi. Shugabannin ƙungiyoyi, ku karanta lissafi a gaban jama'a ko sau ɗaya a shekara, ku ga ko ma'aji zai sake bin rumfuna yana roƙo.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.