Wayar Sifika: Kauri Ake Nema, Sauran Duk Talla Ce

Duk wanda ya taɓa shiga shagon kayan sauti don ya haɗa amfilifaya da sifikoki a falonsa ya san yadda ciniki yake ƙarewa. An gama da manyan kaya, an biya, sai mai shago ya jawo wata waya a kwali mai sheƙi, bakinta ruwan zinariya, ya ce, "Alhaji, irin kayan nan naka ba a sa musu ƙaramar waya. Iya kuɗinka iya shagalinka." Mutum ya riga ya zuba kuɗi, kunya ta hana shi ja da baya, sai ya ƙara. Daga kasuwar Sabon Gari a Kano zuwa Alaba a Legas, har mujallun masu hannu da shuni na Amurka da Turai, an yarda cewa waya mai tsada tana gyara sauti. Ni na ce wannan ƙarya ce, kuma ƙarya ce da ake cin gumin mutane da ita.

Aikin wayar sifika ɗaya ne tak: ta ɗauki wuta daga amfilifaya ta kai wa sifika ba tare da ta cinye da yawa a hanya ba. Abin da ke cin wutar shi ne turjiyar waya, wadda ake aunawa da om. Kamar bututun ruwa ne, in ya yi siriri kuma ya yi tsawo sai ruwa ya iso a wahalce. Abubuwa uku ke yanke hukunci a nan, wato irin ƙarfen, kaurinsa da tsawonsa. Sunan kamfani da launin roba ba sa cikin lissafi.

Mu yi lissafin a fili. Yawancin sifikokin gida om 8 ne, wasu 6, wasu 4. Roger Russell, wanda ya daɗe yana jagorantar binciken sauti a kamfanin McIntosh na Amurka, ya yaɗa wata ƙa'ida mai sauƙi: kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin 100 na ta sifika. Ga sifika mai om 8, iyakar ke nan om 0.4. To, wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5, irin wadda kowane mai wayarin gida ya sani, turjiyarta wajen om 0.012 ce a kowace mita. In sifikarka tana nisan mita 5, wuta za ta yi tafiyar mita 10 zuwa da dawowa, jimilla om 0.12. Ko kashi ɗaya cikin uku na iyakar ba a kai ba, kuma babu kunnen ɗan Adam da zai ji wannan asarar. Da wannan wayar za ka iya kai mita 15 ko fiye ba damuwa. In sifikar mai om 4 ce, ka raba tsawon biyu ko ka sayi mai kaurin 2.5. Ilimin ke nan gaba ɗaya. Falon wa ya kai mita 15?

Wanda bai gamsu ba ya je wajen mai gyaran rediyo ya ga sifikar da aka farke. A tsakiyarta akwai naɗin waya siririya, kusan kamar gashi, mai tsawon mitoci da yawa, wadda turjiyarta kaɗai ta kai om 5 ko 6. Duk wutar da waya mai bakin zinariya ta kawo, ta cikin wannan siririn zaren za ta bi kafin ta zama sauti.

Wannan kasuwa tana da tarihi. Kafin ƙarshen shekarun 1970, a Amurka da wayar fitila ake haɗa sifika, sau da yawa ma kyauta shago ke bayarwa. A 1979 wani injiniya mai suna Noel Lee ya kafa kamfanin Monster Cable a San Francisco, yana sayar da waya mai kauri. Yana da gaskiya a abu ɗaya, domin mai kauri ta fi siririyar da ake rabawa kyauta. Amma da aka ga akwai riba, sai kamfanoni suka yi caa, kowa da tatsuniyarsa. Aka fara zana kibiya a jikin waya wai ta gefe ɗaya sauti ke bi, alhali wutar da ke ɗauke da sauti kai da komo take yi sau ɗaruruwa da dubbai a daƙiƙa guda. Aka riƙa kambama jan ƙarfen da aka cire wa iska, mai tambarin OFC, alhali fifikonsa a kan jan ƙarfen wayar wuta bai wuce wajen kashi 1 cikin 100 ba. A 2007 James Randi, mutumin da ya shahara da tona asirin 'yan damfara, ya sa dala miliyan 1 ga duk wanda zai iya bambance sautin wata waya ta kamfanin Pear, mai tsawon ƙafa 12 da ake sayarwa dala 7,250, da na waya mai sauƙin kuɗi, ba tare da ya ga wadda aka jona ba. Aka yi ta cacar baki, gwajin bai yiwu ba, kuɗin kuma ba wanda ya ɗauka.

Na san akwai masu rantsuwa cewa sun ji bambanci da kunnensu, kuma ba na ce musu maƙaryata. Wanda ya biya kuɗi mai yawa yana zama ne da shirin jin daɗi, ya kasa kunne fiye da yadda ya saba, har ya ji abin da dama can yana cikin waƙar. Wani lokaci kuma tsohuwar wayar ce bakinta ya yi tsatsa ko ta saki, sai sabon haɗi ya gyara, a ba tsada lada. Magani mai sauƙi ne: ka juya baya, wani ya riƙa sauya wayoyin bai gaya maka ba, ka faɗi wacce ce wacce.

Inda ya kamata mu buɗe ido, mu da muke saye a kasuwanninmu, wani wuri ne daban, kuma shi ne ya fi ba ni takaici. Jabun waya ta cika gari. Za ka ga roba ƙatuwa, ka fere ta ka tarar da 'yan silla ƙalilan a ciki. Wata kuma alminiyon ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Alminiyon yana ɗaukar wajen kashi 61 cikin 100 ne kawai na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi ke ɗauka, ga saurin karyewa a bakin haɗi. Saboda haka kafin a auna maka ko yadi ɗaya, ka nemi a fere bakin, ka kankare silla guda da reza. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ne. In fari ya bayyana, ka ajiye. Mai shagon da ya hana ka wannan gwaji ya riga ya gaya maka abin da yake sayarwa.

Wajen haɗawa, ka murɗe sillayen sosai kada ɗaya ta ɓalle ta taɓa ta kusa da ita, domin wannan kaɗai na iya ƙona amfilifaya. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a sifikokin biyu. In ka juya ɗaya, sautin ƙasa mai kauri zai dushe, ka zaci kayanka ne ba su da kyau.

Rarar kuɗin ka sa ta inda kunne zai shaida: sifika mafi inganci, labule da darduma da za su rage amsa kuwwar ɗaki, da sitabilaiza mai kyau, tunda wutarmu ba ta da tabbas. In mai shago ya jawo maka kwalin nan mai sheƙi, ka gode masa, ka wuce layin masu kayan wuta, ka ce a auna maka 1.5 ko 2.5 ta jan ƙarfe zalla.