Filin Masu Sha'awar Kwamfuta: Kafin Ka Kafa Rumbu A Gida, Lissafa Wuta

Akwai masu sha'awar kwamfuta a Abuja, daga Kubwa har Lugbe, da suka ƙudura aniyar daina bai wa kamfanonin ƙetare ajiyar hotunansu da takardunsu. So suke su kafa rumbu a gida, watau kwamfuta guda wadda ba a kashe ta dare da rana, wayoyin gidan duka suna zuba mata ajiya. Manhajar Nextcloud, wadda ta fito a 2016, kyauta ce, kuma tana wannan aiki sarai. Aniyar tana da kyau, amma da yawa sukan manta da abin da ya fi muhimmanci, watau wuta.

A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa Naira 225 kowane yunit. To, mu yi lissafi da wannan farashi. Tsohuwar kwamfutar tebur mai shan wat 100, idan ta kwana ta wuni a kunne, za ta sha yunit 72 a wata, watau Naira 16,200. Ƙaramar na'urar nan ta Raspberry Pi kuwa, wadda aka fara sayarwa a Ingila a 2012, abin da take sha bai wuce wat 5 ba galibi, watau kusan Naira 810. Saboda haka kafin mutum ya ruga Banex a Wuse II ya kwaso tsohuwar kwamfuta don arha, ya tuna cewa mita ba ta san arha ba.

Sa'an nan ga ɗaukewar wuta. Idan ta ɗauke daidai lokacin da na'urar take rubutu a kan ɗan katin ajiyarta, katin yakan lalace. Ni kaina haka na yi asarar hotunan sunan 'yata, kuma har yau uwargida ba ta daina yi mini gori ba. Maganin shi ne a sa faifan SSD maimakon katin, a kuma samo ƙaramin batir mai bolt 12 da zai riƙe rauta da na'urar tare, da ɗan abin rage ƙarfin wuta zuwa bolt 5. Irin wannan batir yakan ɗauke su awa huɗu ko biyar.

Wanda yake son leƙa rumbunsa daga ofis zai tarar cewa yawancin layukan waya suna haɗa mutane da yawa a kan adireshi guda, don haka ba a iya ƙwanƙwasa ƙofarsa daga waje. Manhajar Tailscale tana warware wannan ba tare da an buɗe ƙofa ga ɓarayi ba.

Duk da haka, a riƙa kwafe ajiyar a faifai na biyu duk ranar Juma'a, a zare shi daga wuta, musamman da damina, domin tsawa takan biyo waya ta ƙone duk abin da ta tarar a jone.