Kiristan da Ke Cikin Labaranmu Ba Shi Ne Maƙwabcinmu Ba

'Yan uwa marubuta, yau kanmu za mu yi wa faɗa. Ku duba labaran da muke rubutawa. Duk inda Kirista ya shigo, ko dai mai gidan giya ne, ko mai gurɓatacciyar Hausa da aka kawo don a yi dariya, ko wanda ke jiran babin ƙarshe ya musulunta. Wannan ragwanci ne.

Mu nan Malam Madori, tun da layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa garin ake samun baƙi masu cinikin gyaɗa, cikinsu har da Kiristoci. Kasuwarmu ɗaya, in kogin Haɗeja ya yi ambaliya tsadar hatsi tare take dukanmu, amma ba mu san abin da ke tafiyar da majami'arsu ba.

Tsarin nasu yana cikin wasiƙun jagororinsu na farko, waɗanda suke kira manzanni. Bulus ya kwatanta wa mutanen Korinti ikilisiya da jiki guda mai gaɓoɓi da yawa, ciwon ɗaya na kowa ne. Ya umarce su su riƙa ware kuɗi ranar farko ta mako don taimakon 'yan uwansu na Urushalima. Yaƙub ya tsawata wa masu ba attajiri wurin zama mai kyau su bar talaka a tsaye. Wasiƙar fari zuwa ga Timoti ta hana mashayi da mai son kuɗi shugabanci, ta kuma tsara kula da matan da mazansu suka rasu. Wanda ya san wannan zai gane baikon ranar Lahadi, ya gane dalilin da 'yan Zumuntar Mata ke ɗaura zane iri ɗaya su tafi gaisuwar rasuwa.

Ba mu ce ku mai da su waliyyai ba. Rigima da ɓangaranci ne suka sa aka rubuta wa Korinti wasiƙa. Tsakanin abin da aka umarci mutum da abin da yake aikatawa, nan labari yake.

Wani zai ce karanta wannan zai taɓa imaninsa. Sanin abu daban, yarda da shi daban. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, kafin Ruwan Bagaja, don haka babu uzurin harshe. Yaron da ya tashi yana karanta ƙaryar da muka yi wa maƙwabci, da ita zai dube shi ranar da fitina ta tashi. Mu bincika kafin mu rubuta, ko mu bar mutane su huta.