Bakin kogin Yamai, garkar kowa

Kogin Isa, wanda Zabarmawa ke kira Isa Beri, yana tasowa daga duwatsun ƙasar Gine. Yana ratsa Mali, ya shigo Nijar, ya yi tafiyar kilometir kamar 550 cikin ƙasar, kana ya wuce Najeriya ya faɗa teku. Birnin Yamai a bakinsa ya ke zaune. Ruwan da ke fitowa a famfunan birnin daga cikinsa a ke jawo shi, a tace.

Amma wanda ya tsaya bisa gadar Kennedy, wadda aka buɗe a shekarar 1970, ya dubi gaɓa, zai ga birnin ya ba kogin baya. Kwarin Gunti Yena yana ratsa tsakiyar gari, yana kwaso ruwan kwata da leda da gwangwani, yana zuba su cikin kogi kusa da gadar. A wasu wurare shara ta yi tudu. A wasu kuma masu hali sun ja katanga har bakin ruwa. Yaron da aka haifa a Yamai yana iya girma bai taɓa samun wuri mai tsabta da zai zauna ya kalli kogin garinsu ba.

Ya kamata a gyara wannan gaɓa ta zama garkar shan iska ta kowa da kowa. Wasu za su ce wannan zancen ƙoshi ne, garin da ke neman asibiti da lakwal ina ruwansa da wurin shan iska? Tambayar tana da nauyi. Amsarta tana cikin halin kogin kansa.

A Yamai sau biyu kogi ke cika cikin shekara. Cikar farko tana zuwa da damina, a watannin Agusta da Satumba. Ruwan ja ne, don ƙoramun Sirba da Dargol da Gorwal suna kwaso jar ƙasa su zuba a ciki, kuma yana hawa da sauri. Cika ta biyu ruwan Gine ne, wanda ya yi wata da watanni bisa hanya. Yana isowa lokacin ɗari, a hankali. Ta farkon ita ce mai ɓarna. A watan Satumba na 2020 ruwa ya kai metir 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa shingen ƙasa da aka yi don tare shi, ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Kirkisoy da Saga. Gidajen laka suka rushe, dubban mutane suka kwana cikin azuzuwan lakwal. Ruwan bai yi ɓatan hanya ba. Wurinsa na da ya koma, ya tarar an yi gini a ciki.

To, in itatuwa da ciyawa da filin ƙwallo ne a wurin, mi ruwa zai ci? Zai kwanta sati biyu ko uku, ya janye, a share laka, yara su koma wasansu. Ba wanda zai rasa ɗaki, ba wanda zai rasa rumbu. Saiwoyin itace kuma suna riƙe ƙasar gaɓa, su hana ta zubewa cikin kogi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga kogin da rairayi ke cikewa, wanda har ya taɓa daina gudu a Yamai a shekarar 1985.

Mutanen Maraɗi sun san wannan tun da daɗewa. A shekarar 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya ci tsohon garin da ke cikin fadama. Aka sake gina gari bisa tudu, aka bar wa fadama gonaki da garake.

Sai dai akwai wata garka da ba ta dace ba. Ita ce wadda za a kewaye da ƙarfe, a sa mai gadi a ƙofa, a ce sai da kuɗi a ke shiga. Bakin kogi ba kango ba ne. A Yantala da Gamkale akwai ƴan garka masu noman salati da kabeji da tumatir. Akwai masunta da jiragensu, da masu wanki da ke shanya tufafi bisa duwatsu, da majema masu gyaran fata. Da wannan gaɓa su ke ciyar da iyalinsu. In an kore su don a shuka furanni, an ɗauke abinci daga bakin talaka ke nan. A zauna da su tun kafin a kafa turke ko ɗaya. A bar wa ƴan garka fangalinsu, hanyar ƙafa ta bi ta gefe. A gina wa masu wanki matakala. A yi wa majema ramin tace ruwan jima, kada ya gangara kogi yadda ya ke. Mutumin da ke wurin tun asuba ya fi kowane mai gadi ganin wanda ya zo zubar da shara.

Shuka itace ba shi ne mai wuya ba. Kowace shekara ran 3 ga watan Agusta a na dasa itatuwa ko'ina cikin ƙasa. Tsaron su ne aiki. An fara dasa dajin bedi kewaye da Yamai a shekarar 1965, don ya tare ƙura da iska, amma daga baya aka yi ta yanka filaye a ciki, gidaje suka ci babban yanki nasa. In ba a rubuta iyakar garkar bakin kogi cikin doka ba, aka kafa duwatsun shaida da kowa ke gani, haka ita ma za ta ƙare.

Aikin farko ba ya bukatar kuɗi mai yawa: ma'aikatar magajin gari ta daina ba da izinin gini a wurin da ruwan 2020 ya kwanta, ta kuma sa raga a bakin Gunti Yena mai tare leda. Daga nan kowace lakwal ta unguwannin gaɓa a auna mata taki ɗari, ta dasa gawo da giginya da mangwaro, a rubuta sunanta a allo, ƴan aji su riƙa ban ruwa bi da bi har itatuwan su fi ƙarfin awaki.