Kafin Mu Ce A Raba, Mu Dubi Azawad

Bayan sujada a nan Gama mukan ji matasanmu suna cewa gara a raba Nijeriya kowa ya kama gabansa. Mun san zafin da ke sa su faɗi haka. Amma an taɓa gwada wannan a Mali.

Ranar 6 ga Afrilu 2012 ƙungiyar Buzaye ta MNLA ta shelanta 'yancin arewacin Mali da sunan Azawad, tana cewa gwagwarmayarta ba ta addini ba ce. To, tun da Gao ta faɗi a ƙarshen Maris aka wawashe majami'ar Katolika da ofishin Caritas, Kiristoci suka tsere kudu. Kafin Yuni ya ƙare, masu jihadi na MUJAO sun kori ita MNLA ɗin daga garin. A 2014 Buzaye da Larabawa suka haɗu a ƙawancen CMA, aka sa hannu a yarjejeniyar Aljiyas a 2015, gwamnatin soja ta Bamako ta soke ta a 2024. Masu bindiga ne suka sa hannu a takardar, ba 'yan tsiraru ba.

Ba mu raina kukan Buzaye ba. Farin 1973 da na 1984 ya cinye dabbobinsu, shi ya kawo da yawansu gadi a gidajen Nassarawa, kuma maƙwabtanmu ne na kirki.

Muna roƙon dattawan ikkilisiya su zauna da zumuntar matasa a kan tambaya ɗaya: in an ja sabuwar iyaka, Kiristan da aka haifa a Kano, ina zai faɗa?