Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Ilmin Ƙasar Noma a Kwalejin Tsibiran Mashal

Can tsakiyar Tekun Fasifik, kimanin kilomita 3,700 kudu maso yamma da Hawai, akwai wata ƙaramar jamhuriya da ake kira Tsibiran Mashal. In aka tattara dukan tudun da take da shi wuri guda, ba zai wuce murabba'in kilomita 181 ba, mutanenta kuwa bisa ƙidayar shekarar 2021 dubu 42 ne da 'yan kai. A babban birninta, Majuro, akwai kwalejin al'umma wadda ta tsaya da ƙafafunta a shekarar 1993, galibin karatunta na shekara biyu ne, an kuma fi saninta da horar da malaman makaranta da ma'aikatan jinya. Ra'ayin da wannan maƙala ta ɗauka shi ne, ilmin sanin ƙasar noma ya cancanci gurbi na dindindin a wannan kwaleji, da malaminsa da ɗakin gwajinsa da ɗalibansa 'yan asalin wurin. Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan tsibirin da ko fili bai ishe shi ba da irin wannan ilmi? Amsar tana cikin abin da ya faru a Bikini.

Bikini ɗaya ne daga cikin tsibiran. A shekarar 1946 Amurka ta kwashe mazaunansa su 167 domin ta gwada bama-baman nukiliya, kuma daga wannan shekara zuwa 1958 ta tayar da guda 67 a Bikini da Enewetak. A 1968 Shugaba Lyndon Johnson ya ba da sanarwar cewa mutane suna iya komawa gida. Wasu iyalai suka koma, aka dasa sababbin itatuwan kwakwar attagara, suka ci, suka sha ruwanta kamar yadda kakanninsu suka saba. Ba a yi shekara goma cikakka ba, a 1978, sai aka sake kwashe su, domin awo ya nuna wani sinadari mai guba da ake kira siziyam 137 ya taru a jikinsu. Ba ta iska ya fi shigarsu ba, ta abinci ne.

Dalilin wannan yana cikin turɓaya. Waɗannan tsibirai ba su da laka. Ƙasarsu ɓarɓashin duwatsun murjani ce, watau farin yashi mai kama da dakakken alli, wanda ruwa ke ratsawa kamar rariya. A ƙasa mai laka, siziyam yakan maƙale a jikin lakar, saiwa ba ta samunsa sosai. A nan kuwa babu abin da zai riƙe shi. Bugu da ƙari, ƙasar tana da ƙarancin fotasiyam, watau sinadarin nan da harafin K yake wakilta a jikin buhun takin zamani. Shi siziyam ɗan'uwan fotasiyam ne a ɗabi'a, saboda haka itacen da yake jin yunwar wannan sai ya zuƙi wancan, ya tura shi cikin 'ya'yansa. Daga baya masana daga cibiyar binciken Lawrence Livermore ta Amurka suka nuna cewa in aka zuba takin fotasiyam a gindin itatuwan, gubar da ke shiga kwakwa takan ragu da kamar kashi 90 cikin 100. Abin lura shi ne, wannan sani duka daga waje ya zo, a ɗakunan gwaji na California aka yi awon, kuma waɗanda suka yi shi ma'aikatan gwamnatin da ta tayar da bama-baman ne. Ko da gaskiya suka faɗa, mutumin da aka taɓa ce masa gidansa lafiya lau sa'an nan aka dawo aka kwashe shi, yana da hujjar ya so jin maganar daga bakin ɗansa wanda ya iya awon da kansa.

Ba duka tsibiran ne gubar ta shafa haka ba, amma yanayin ƙasar iri ɗaya ne ko'ina. Allin da ya yi mata yawa yakan kulle sinadarin ƙarfe, ganye ya yi ta yin rawaya alhali an ba shi ruwa. Ruwan daɗin da ake sha kuwa ba kogi ba ne, ruwan sama ne da ake tarawa, sai kuma wanda ya nutse cikin yashi ya kwanta bisa ruwan gishiri kamar mai a kan miya. A Laura, ƙarshen yammacin Majuro, inda aka fi yin noma, daga wannan kwantaccen ruwa ake ɗibar wani kaso na abin da gari yake sha. Ke nan wanda ya zuba taki fiye da kima, ko ya bar kashin aladu yana kwarara, rijiyar jama'a yake zuba wa. Shawarar da aka rubuta domin gonakin masara na Amurka ba ta da amfani a nan, har ma tana iya cutarwa. Hatta hanyar awo ta bambanta: gwajin da aka saba yi wa ƙasa mai tsami domin sanin yawan sinadarin fosfaros yakan ba da amsar ƙarya a ƙasa mai alli, sai an koma ga hanyar da Olsen ya fitar a 1954. Tura samfurin ƙasa zuwa Hawai kuwa sai da takardar izni ta hukumar noma ta Amurka, ga kuɗin jirgi, ga jira. Manomin da ganyen lambunsa yake mutuwa ba shi da wannan lokaci.

Har wa yau, kada a ɗauka mutanen nan ba su san ƙasarsu ba kafin zuwan Bature. Tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce suke haƙa manyan ramuka a tsakiyar tsibiri har su tarar da ruwan daɗi, su yi ta zuba ganyaye suna ruɓewa, su shuka wata irin ƙatuwar gwaza da suke kira iaraj. Watau da hannunsu suka ƙirƙiri fadama a inda Allah bai yi fadama ba. Da yawa daga cikin ramukan nan an yi watsi da su tun da shinkafa da fulawa da naman gwangwani suka cika kantuna, kuma a yau jamhuriyar tana cikin ƙasashen da ciwon sukari ya fi yi wa katutu a duniya. Tsofaffin da suka san wane ganye ake zubawa, a wane lokaci, suna ƙarewa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma fa sai an sami wanda zai zauna da tsohon ya tambaye shi da harshensa, ya rubuta sunayen da yake ba kowace irin ƙasa, kamar yadda manomin Hausa yake bambanta jigawa da fadama da dabaro, sa'an nan ya kai samfur ɗakin gwaji ya ga me ya sa dabarar take aiki. Baƙon da ya zo na wata uku ba zai iya ba. Ko ramin awo ba zai haƙa ba sai da izni, domin fili a can ta wajen uwa ake gadonsa, kuma kowane yanki yana da sarki da ake kira iroij da shugaban dangi da ake kira alab. Ɗan gida ya san wanda zai fara gaisarwa.

Tushen aikin ma akwai shi. Dokar Morrill, wadda Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862, ita ta kafa tsarin kwalejojin noma na Amurka masu haɗa koyarwa da bincike da kai ilmi ga manoma. Daga baya aka shigar da Kwalejin Maikoroneshiya cikin tsarin, kuma ta nan kwalejin Majuro take samun rabonta, tare da takwarorinta na Falau da Tarayyar Maikoroneshiya. Tana da harabar Arrak inda ake ayyukan gona. Abin da ake magana a kai shi ne yadda za a ɗora gini a kan wannan tushe.

A nan ne masu ba da taimako suke yawan yin kuskure. Abin da ya fi sauƙi shi ne a sayo na'urori masu tsada, a yi bikin buɗewa, a ɗauki hoto. Shekara uku na cika kuɗin shiri ya ƙare, gwanin da aka ɗauko ya koma ƙasarsu, iskar gishiri ta cinye na'urar, ruwan maganin awo ya lalace a kwalba. Zanen aro ba ya rufe katara. Lalle mutum ya kamata a fara ginawa: a zaɓi ɗalibi ɗaya ko biyu, a tura su Jami'ar Hawai ko ta Guwam su yi digiri mai zurfi, da alkawarin gurbi da albashin da zai riƙe su in sun dawo. Sai ma'aikacin ɗakin gwaji, wanda sau da yawa ake mantawa da shi alhali shi ne ke kunna na'ura kullum. Kayan aikin farko ba su da yawa: ma'aunin tsami, ma'aunin gishiri, sikeli, tandar busar da samfur, da shebur. Da waɗannan kaɗai ɗalibi zai iya amsa mafi yawan tambayoyin manomi.

Akwai suka mai ƙarfi da bai kamata a kauce mata ba. Tudun tsibiran bai wuce kamar mita 2 bisa teku ba, tekun yana ƙaruwa, mutane suna ƙaura zuwa Hawai da Arkansas, har yawansu ya sauka daga dubu 53 a 2011 zuwa adadin da aka ambata a sama. To, me ya sa za a kashe kuɗi wajen nazarin ƙasar da ruwa zai ci? Sai dai teku ba ya cin tsibiri dare ɗaya. Ta ƙarƙashi gishiri yake fara shiga, ya lalata ramin gwaza da rijiya tun gida yana tsaye, musamman lokacin fari irin na 2016, wanda ya sa Shugaba Hilda Heine ta kafa dokar ta-ɓaci. Tsakanin yau da wancan lokaci da ake tsoro akwai shekaru masu yawa da dubban mutane za su ci abinci a cikinsu. Wace gona ce gishiri ya riga ya shiga, wace ce za a iya ceto, wane iri ne yake jurewa, ina za a yi tudun lambu da takin gargajiya? Waɗannan tambayoyi ne da sai an auna wata-wata, shekara bayan shekara, a tsibirai masu nisa da juna waɗanda jirgin ruwa ba ya zuwa kullum. Kwalejin tana karɓar ɗalibai daga irin waɗannan tsibirai, kuma yawancinsu sukan koma gida hutu. In kowannensu ya tafi da ma'aunin gishiri a jaka da littafin rubuta abin da ya gani a rijiyar gidansu da ramin gwazar kakarsa, cikin shekara biyar kwalejin za ta mallaki bayanin da babu wata jami'ar waje da take da shi.